Kuɗin makarantun gwamnati a Amurka: me ya sa rabon jihohi ke kasa cike giɓin da ke tsakanin gundumomi?

A watan Fabrairun 2023 wata kotu a jihar Pennsylvania ta Amurka ta yanke hukuncin cewa yadda jihar ke raba wa makarantun gwamnati kuɗi ya saɓa wa kundin tsarin mulkinta. Tun 2014 gundumomin makarantu shida da wasu iyayen yara suka shigar da ƙarar. An shafe wajen wata huɗu ana sauraron shaidu, kuma cikin abin da aka gabatar har da makarantar da yara 75 'yan nazare ke layi a kan banɗaki guda ɗaya. Mai shari'a Renée Cohn Jubelirer ta rubuta hukunci mai shafi kusan 800, inda ta ce ana tauye wa ɗaliban yankunan da ba su da dukiya damar da takwarorinsu ke samu. Shugabannin majalisar dokokin jihar ba su ɗaukaka ƙara ba.

Wanda ya ji wannan labari daga nesa zai yi mamaki. A matsakaicin lissafi na 2022, Amurka na kashe wa kowane ɗalibin makarantar gwamnati sama da dala 15,000 a shekara. To ina kuɗin suke shiga? Amsar tana cikin yadda ake tara su da yadda ake raba su, musamman kason gwamnatin jiha, domin shi ne aka ɗora wa alhakin cike giɓi.

## Mece ce gundumar makarantu, kuma wa ke ba ta kuɗi?

Gundumar makarantu hukuma ce mai cin gashin kanta da ke kula da makarantun firamare da sakandare na wani yanki. A mafi yawan wurare mazauna yankin ne ke zaɓen 'yan kwamitin da ke tafiyar da ita, kuma tana da ikon sanya haraji. Ba daidai take da ƙaramar hukuma ba, don iyakarta na iya ratsa gari ɗaya ta raba shi gida uku ko huɗu. Irinsu sun kai kusan 13,000 a faɗin ƙasar. Jihar Hawaii ce kaɗai ta haɗe makarantunta duka a ƙarƙashin gunduma ɗaya.

Kuɗin gunduma na fitowa daga wuri uku. Gwamnatin tarayya na ba da kusan kashi 10 cikin 100, wani lokaci ƙasa da haka, kuma babban shirinta shi ne Title I, wanda aka kafa a 1965 zamanin Shugaba Lyndon Johnson domin makarantun da 'ya'yan talakawa suka yi yawa. Sauran kashi 90 ɗin kuwa jiha da yankin ne ke raba shi kusan rabi da rabi. Jiha na samun nata daga harajin albashi da na saye da sayarwa. Yanki kuma yana samun nasa daga harajin kadara, wato abin da ake biya duk shekara gwargwadon darajar gida, fili, shago ko masana'anta.

Daga harajin kadarar nan matsalar ta samo tushe. Gundumar da ke da manyan gidaje da kantuna da ofisoshi za ta sa haraji kaɗan ta tara kuɗi masu yawa. Wadda gidajenta ba su da daraja sai ta tsananta wa mutanenta haraji, ta kuma tashi da abin da bai taka kara ya karya ba. Ita kanta darajar gidajen tana da tarihi. A shekarun 1930 wata hukumar tarayya ta zana taswirar birane ta yi wa unguwannin baƙar fata da na baƙin da suka zo daga wasu ƙasashe jan layi a matsayin wuraren da bai kamata a ba da bashin gida ba, kuma har yau yawancin waɗannan unguwanni ba su kamo sauran ba.

## Edgewood da Alamo Heights

Babu misalin da ya fi fito da lamarin fili kamar na gundumomi biyu a birnin San Antonio na jihar Teksas, waɗanda alƙalumansu suka shiga kundin Kotun Ƙolin Amurka.

Edgewood unguwa ce ta talakawa, akasarinsu 'yan asalin Meziko. A shekarar karatu ta 1967 zuwa 1968, idan aka raba darajar kadarorin gundumar da yawan ɗalibanta, kowane ɗalibi zai tashi da dala 5,960. A Alamo Heights, unguwar masu hali, adadin ya haura dala 49,000. Mutanen Edgewood na biyan harajin dala 1.05 a kan kowace dala 100 ta darajar kadararsu, mafi tsada a yankin birnin. Na Alamo Heights suna biyan santi 85 kacal. Duk da haka abin da Edgewood ta tara bai wuce dala 26 ga kowane ɗalibi ba, ita kuwa Alamo Heights ta tara dala 333.

A nan ne ake sa ran jiha ta shigo ta gyara. Sai dai asusun jihar ya ba Edgewood dala 222 ga kowane ɗalibi, ya ba Alamo Heights dala 225. Wato mai shi ne ma aka fi ba. Tallafin tarayya ya ɗan rage tazarar, aka tashi da dala 356 a Edgewood, dala 594 a Alamo Heights.

Wani mahaifi mai suna Demetrio Rodriguez da wasu iyaye suka kai ƙara. A 1973 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci da rinjayen alƙalai 5 a kan 4 cewa kundin tsarin mulkin tarayya bai lissafa ilimi cikin haƙƙoƙin da ya lamunce wa ɗan ƙasa ba, kuma jiha na da hujjar barin kowane yanki ya tafiyar da makarantunsa. Mai shari'a Lewis Powell ne ya rubuta hukuncin masu rinjaye, Thurgood Marshall na cikin waɗanda suka ƙi amincewa. Tun daga ranar ƙofar kotunan tarayya ta rufe a kan wannan batu.

## Yadda rigimar ta koma kotunan jihohi

Kundin tsarin mulkin kowace jiha yana da sashen da ya ɗora wa gwamnatinta samar da makarantu, don haka lauyoyi suka koma can. An kai irin wannan ƙara a mafi yawan jihohi 50, kuma hujjojin sun kasu gida biyu.

Na farko shi ne daidaito: kada arzikin unguwa ya zama ma'aunin abin da za a kashe wa yaro. Da wannan hujja kotun ƙolin Kalifoniya ta soke tsarin jihar a shari'ar Serrano, wadda hukuncinta na farko ya fito a 1971. Na biyu shi ne wadata: ko ba a daidaita kowa da kowa ba, dole kowace gunduma ta samu abin da zai ishe ta ta kai yaro matakin ilimin da jihar da kanta ta gindaya. Wannan ya yi ƙarfi daga 1989, lokacin da kotun ƙolin Kentucky ta ce dukan tsarin makarantun jihar ya saɓa wa doka, majalisa ta sake shi daga tushe a 1990. A New Jersey, jerin hukunce-hukuncen Abbott sun tilasta wa jihar ta ɗaga kuɗin gundumomin birane matalauta, waɗanda suka kai 31, zuwa matakin na masu arziki.

Cin nasara a kotu daban, ganin kuɗi a aji daban. Kotun ƙolin Ohio ta soke tsarin jihar har sau huɗu tsakanin 1997 da 2002, daga baya ta janye hannunta ba tare da an yi cikakken gyara ba. A jihar Washington sai da kotu ta ci majalisa tarar dala 100,000 kowace rana daga 2015 kafin a daidaita a 2018. Alƙali na iya cewa tsari ya saɓa wa doka, amma 'yan majalisa ne ke riƙe da lalitar gwamnati. A Pennsylvania ma, a 2024 majalisa ta amince cewa akwai giɓin kusan dala biliyan 4.5, ta fara da biyan wajen dala miliyan 500, sauran kuma ya dogara ga kasafin kowace shekara.

## Inda ma'aunin rabo ke yoyo

Yawancin jihohi na bin tsari guda a kan takarda. Jiha za ta tsayar da mafi ƙarancin abin da ya kamata a kashe wa kowane ɗalibi, ta ƙiyasta abin da gunduma za ta iya tarawa da harajinta, sannan ta cike ragowar. A ɗauka an tsayar da dala 10,000. Gundumar da ke iya tara 8,000 za a ba ta 2,000, wadda ba ta iya wuce 2,000 za a ba ta 8,000. Da a ce haka ake yi tsaf, da an rage rigima sosai. Amma ba a nan gizo ke saƙar ba. Ƙananan ƙa'idojin da ake cusawa cikin dokar rabon su ne ke sauya sakamakon.

Babbar cikinsu ita ce ƙa'idar da ke cewa ba za a rage wa wata gunduma abin da ta samu bara ba, ko da ɗalibanta sun ragu, ko arzikinta ya ƙaru. Pennsylvania ta bi wannan ƙa'ida tun farkon shekarun 1990. A 2016 ta kafa sabon ma'auni da ke la'akari da yawan ɗalibai, talauci, da yaran da ba su iya Turanci ba, kuma masana da dama sun yaba masa. Sai dai an ce sabbin kuɗin da aka ƙara kaɗai za a raba da shi. Tsohon kason, wanda shi ne mafi tsoka, ya ci gaba da bin lissafin shekarun baya. Biranen da jama'a ke kwarara cikinsu kamar Reading da Allentown, inda 'ya'yan masu jin Sifaniyanci suka yi yawa, sai suka riƙa karɓar kason da aka yanka musu tun kafin a haifi ɗaliban da ke cikin azuzuwansu. Masu kare wannan ƙa'ida suna da tasu hujjar da ba ta wasa ba ce. Gundumomin da ke rasa ɗalibai galibi na karkara ne, su ma talakawa ne, kuma idan yara 30 suka ragu a makaranta, kuɗin ɗumama gini lokacin sanyi da na motar ɗaukar yara ba sa raguwa. Ga kuma siyasa: babu ɗan majalisar da zai koma mazaɓarsa ya ce ya sa hannu an rage wa makarantunsu kuɗi.

Ta biyu ita ce yadda ake ƙirga ɗalibai. Wasu jihohi, ciki har da Teksas da Kalifoniya, suna biya ne bisa yawan yaran da ke halartar aji kullum, ba waɗanda aka yi wa rajista ba. Yaron da iyayensa ke yawan tashi daga gidan haya, ko ba su da mota, ko ba sa samun ganin likita da wuri, shi ya fi fashin makaranta. Makarantarsa ta riga ta ɗauki malami ta tanadi kujera dominsa, amma kuɗinsa ba zai zo cikakke ba.

Sannan akwai rufin da ba a sa wa masu hali. Jiha na lamunce mafi ƙarancin adadi, amma a wurare da yawa ba ta hana gunduma mai arziki ta ƙara nata a kai. Idan kuma aka bar mafi ƙarancin adadin ya daskare, tsadar rayuwa sai ta cinye shi. Teksas ta tsayar da nata a dala 6,160 a 2019, ya zauna a haka shekaru da dama farashin komai na hawa.

Gine-gine kuwa wani babi ne. A jihohi da yawa gunduma ce ke cin bashi ta gina makaranta, bayan masu zaɓe sun amince a ƙara musu haraji don a biya. Inda kadara ba ta da daraja, ko mutane sun amince kuɗin ba ya isa. A watan Janairun 2018 an ga hotunan ɗalibai a birnin Baltimore zaune a aji da rigunan sanyi saboda na'urorin ɗumama ɗaki sun lalace.

Wani abin da ba a cika lura da shi ba shi ne kuɗin da jiha ke biya ta bayan fage, kamar fanshon malamai. Fansho na bin albashi, albashi kuma ya fi tsoka a gundumomin masu hali, saboda haka su ne suka fi amfana. Haka nan idan tattalin arziki ya karye, harajin albashi da na saye da sayarwa ne ke fara faɗuwa, harajin kadara bai cika girgiza da sauri ba. Gundumar da ta dogara da jiha ita ce ke fara shan wuya. An ga haka bayan karyewar 2008. Jihar New York ta kafa sabon tsarin rabo a 2007 bayan doguwar shari'a, matsin tattalin arziki ya sa aka dakatar da ƙarin da aka yi alkawari, ba a kuma cika shi ba sai a 2023.

## Ina aka saɓa?

Dole a faɗi wani abu don adalci: tazarar yau ba irin ta zamanin Rodriguez ba ce. Bayan shekaru 50 na shari'o'i, a jihohi da yawa idan aka haɗa kuɗin tarayya da na jiha da na yanki, gundumomin talakawa na samun daidai da na masu hali, wasu ma sun ɗan fi. Masu cewa an zuzuta matsalar da wannan suke kafa hujja. Suna kuma nuna cewa bambanci mafi girma yana tsakanin jiha da jiha ne, domin a 2022 New York ta kashe wa ɗalibi kusan dala 30,000, Idaho da Utah kuwa ba su kai 10,000 ba.

Ɗaya ɓangaren na cewa daidai wa daida ba shi ne adalci ba idan buƙata ta bambanta. Yaron da ya shiga aji ba ya jin Turanci, ko mai naƙasa, ko wanda ba ya samun mai duba masa aikin gida, karantar da shi ya fi tsada. Kalifoniya ta karɓi wannan ra'ayi a dokarta ta 2013 zamanin Gwamna Jerry Brown. Kowane ɗalibi ɗan talaka, ko mai koyon Turanci, ko wanda ke hannun masu riƙo, ana ƙara wa gundumarsa kashi 20 cikin 100 a kan ainihin kason da ake ba kowane ɗalibi, da wani ƙarin na musamman idan irin waɗannan yara sun haura kashi 55 cikin 100 na ɗalibanta.

Tsohuwar muhawara kuma ita ce ko kuɗi na gyara karatu. Rahoton Coleman na 1966, wani babban bincike a kan makarantun Amurka, ya nuna cewa yanayin gidan da yaro ya fito ya fi kayan makaranta tasiri, kuma masanin tattalin arziki Eric Hanushek ya daɗe yana cewa babu tabbatacciyar alaƙa tsakanin yawan kashe kuɗi da sakamakon jarrabawa. Ana yawan kawo misalin Kansas City ta jihar Missouri, inda umarnin kotu ya sa aka kashe wajen dala biliyan 2 daga tsakiyar shekarun 1980, aka gina makarantu na gani na faɗa, sakamakon ɗalibai bai tashi yadda aka zata ba. Binciken baya-bayan nan ya karkata ɗaya wajen. A 2016 masu bincike Kirabo Jackson da Rucker Johnson da Claudia Persico sun bi rayuwar yaran da gundumominsu suka samu ƙarin kuɗi ta dalilin hukuncin kotu. Sun gano cewa ƙarin kashi 10 cikin 100 na tsawon shekaru 12 na karatu ya sa 'ya'yan talakawa sun ƙara kusan rabin shekara a makaranta, abin da suke samu bayan sun girma ya ƙaru da kusan kashi 10 cikin 100. Idan aka auna hujjojin biyu, abin da ya fi rinjaye shi ne kuɗi na da tasiri, musamman idan sun tafi ga albashin malamai da rage cunkoson aji, kuma misalin Kansas City gargaɗi ne a kan yadda ake kashe su.

Saura tambayar wa zai biya. Teksas ta kafa doka a 1993 da ke karɓar rarar harajin gundumomi masu arzikin kadara ta mayar asusun jiha, dokar da ake wa laƙabi da Robin Hood, gwarzon tatsuniyar Turawa mai ƙwatar dukiyar masu kuɗi ya ba talakawa. Gundumar birnin Austin ce ta fi kowa biya, ɗaruruwan miliyoyin dala a shekara, alhali kusan rabin ɗalibanta 'ya'yan masu ƙaramin ƙarfi ne. Gidajen birnin ne suka yi tsada, ba iyayen yaran ne suka yi arziki ba. Masu sukar dokar na cewa ta ba jiha damar rage nata kason. Kalifoniya kuma ta nuna wani haɗarin. Bayan masu zaɓe sun ƙayyade harajin kadara a kashi 1 cikin 100 na darajar kadarar a 1978, gundumomi sun matso kusa da juna, amma ta hanyar saukowa ƙasa, jihar ta yi shekaru tana bayan takwarorinta wajen kashe wa ɗalibi kuɗi.

## Abin da wannan ke nufi ga talaka

Adireshi ne ke zaɓa wa yaro makaranta. Darajar makaranta na shiga cikin farashin gida da kuɗin haya, don haka iyali na biyan kuɗin makarantar da ake ce wa kyauta ta hannun mai gida. Yin ƙaryar adireshi kuma laifi ne. A 2011 an ɗaure wata uwa na 'yan kwanaki a Akron ta jihar Ohio saboda ta yi amfani da adireshin mahaifinta ta sa 'ya'yanta a gundumar maƙwabta. Baƙin da suka sauka Amurka, har da Hausawa mazauna can, yana da kyau su san cewa hukuncin Kotun Ƙoli na 1982 ya ba kowane yaro damar shiga makarantar gwamnati ko da iyayensa ba su da takardun zama. Amma samun malamin da zai koya masa Turanci yadda ya kamata ya dogara ga ko jihar na ƙara kuɗi saboda irinsa, da kuma nawa take ƙarawa.

Mai ƙaramin gida a gunduma matalauciya yakan biya haraji mai nauyi fiye da na mai katafaren gida a unguwar masu hali, idan aka auna da darajar abin da kowa ya mallaka. Malamai kuma sukan fara aiki a gundumar talakawa, da zarar sun goge sai maƙwabciya mai albashi mai tsoka ta ɗauke su. Ɗaruruwan gundumomin karkara a jihohi irin su Missouri da Colorado sun koma karatun kwana huɗu a mako, wasu don tsimi, wasu don su jawo malamai, iyaye masu aikin kwana biyar kuma su nemi inda za su ajiye yara.

Abubuwa uku za su matsa wa ma'aunin rabo lamba a shekarun nan. Tallafin annobar korona na kusan dala biliyan 190 da tarayya ta bayar, wanda gundumomin talakawa suka fi samu, wa'adinsa ya cika a Satumban 2024. Haihuwa ta ragu, ɗalibai na raguwa a gundumomi da yawa, abin da zai sake tayar da rigimar ƙa'idar nan ta kada a rage wa kowa. Sannan jihohi na faɗaɗa shirin ba iyaye kuɗin gwamnati su kai yara makarantun kuɗi: Arizona ta buɗe nata ga kowa a 2022, Teksas ta ware dala biliyan 1 a 2025. Magoya bayan shirin na cewa zai 'yantar da ɗan talaka daga ƙangin adireshi. Masu adawa na cewa daga asusun jiha ɗaya ake ɗiban kuɗin, kuma gundumomin da ba su da harajin kadarar da za su jingina da shi su ne za su fara jin raguwar.